Shekara Goma Sha Tara Ina Ci-rani

Ba zan ɓata lokaci a kan yadda na baro gida ba, kowa ya san yadda ake barowa. Ni dai na sauko daga kan buhunan albasa a kasuwar Mile 12, ƙafafuna sun kumbura, idona ya yi ja, kuma duk wanda ya tambaye ni na gaya masa wata huɗu zan yi a Ikko, da ruwan farko ya sauka zan koma gona. Sunana Sale, ƙauyenmu yana gabas da Gumel. Yau shekara goma sha tara ke nan. Abin da zan faɗa shi ne yadda wannan "zan koma" ta kusa raba ni da kurar da nake kwasar shara da ita, alhali ban mallaki komai a duniya ba sai ita.

A Mile 12 dako na fara. Kwandon tumatir ake ɗora maka, ruwan waɗanda suka fashe yana bin wuyanka har cikin wando, mai kaya tana gaba tana sauri tana yi maka faɗa da Yarabanci. Ran farko ko gammo ba ni da shi. Wani tsoho Bakatsine ya ga tsakar kaina ta ɗaye, ya cire nasa ya miƙo mini, ya naɗe hularsa ya ci gaba da aiki da ita. Har yau ban san sunansa ba. Nauyin kwando bai dame ni kamar motocin da suka sauke kaya suka juya Arewa wayam ba. In na gan su sai na tsaya da kaya a kai har sun ɓace.

Damina ta farko na koma, ta biyu ma na koma. A ta uku mahaifinmu ya rasu, aka raba gona tsakaninmu mu bakwai, rabona ko akuya bai isa ya riƙe ba. Na bar wa wana Audu ya haɗa da tasa. Matata ta yi haƙuri iya nata, daga baya ta aiko a ba ta takardarta, na ba ta, ban ga laifinta ba. Tun daga nan zuwana gida ya koma na gaisuwar mutuwa. Na ƙarshe shi ne na rasuwar Inna, shekara bakwai da suka wuce. Amma ko a ranar da na dawo daga wannan, da ka tambaye ni ce maka zan yi ci-rani na zo.

Da wuyana ya gaza na gangara Ijora, wajen sito-sito da manyan motoci. A can na haɗu da wani mai farin kaftani da carbi, ya ce zai kai ni wurin oga a ɗauke ni aikin share sito. A bakin ƙofa ya ce ba a shiga da jaka, in ba shi ya riƙe mini. Na shiga, maigadi ya ce babu wani aiki, shi bai ma san mutumin ba. Na fito babu shi babu jakata. A ciki akwai rigar da na ɗinka ta komawa gida, ban taɓa sa ta ba. Ba Bayarabe ba ne ya yi mini wannan, namu ne, da Hausarsa tar da sallamarsa.

Na yi shekara guda ina gadin wani shago a Mushin. Mai shagon bai taɓa tambayar sunana ba, "Aboki" nake tun daga ranar da na zo har ranar da ya tashi daga wurin ya bar ni da benci.

Daga nan sai Agege. Wani mutumin Damagaram zai tafi gida, shi da gaske yake, ya sayar mini da kurarsa. Tayoyinta biyu ba iri ɗaya ba ne, tana ja hagu, amma tana tafiya. Aikin shi ne ka bi lungunan da motar shara ba ta iya shiga, ka karɓi sharar gidaje, ka ware roba daban, gwangwani daban, ƙarfe daban, sauran ka tura har juji, can wajen Abule Egba. Danfo, bas ɗin hayar garin, ya matse ka, mai babur ɗin okada ya zage ka, yara su toshe hanci. A haka na tsufa.

Wurin ajiye kura shi ne matsala, don a waje ba ta kwana lafiya. Akwai wata mai sayar da abinci kusa da layin dogo, Iya Risi. Ran farko da na jingina kura a bayan ɗakinta ruwan wanke-wanke ta watso mini. Wata biyu bayan haka aka yi ruwan da kwata ta cika ta shigo gidaje, na ga tukwanenta suna yawo a kan ruwa, ita tana tsaye da goyo tana ihu. Na kwashe mata kaya a kura na kai kan tudu, sawu uku. Ba ta yi godiya ba. Washegari dai ta nuna mini ƙarfen tagar bayanta da ludayi, ta ce in ɗaure abin warina a nan. Tun daga ranar a nan sarƙata take.

Mu takwas ne a ɗakin da nake kwana, duk 'yan kura, yawanci mutanen wajenmu. Ka shiga ɗakin ba za ka ga ƙusa ko ɗaya a bango ba. Kayan kowa yana cikin jakarsa a ɗaure, kamar gobe da asuba za a hau mota. Kuma ka tambayi kowannenmu inda yake zaune, sunan ƙauyensu zai gaya maka. Ba wai ƙarya muke nufi ba. A wurinmu mutum ba ya cewa ya zauna a Kurmi, wato ƙasar Kudu. Wanda aka ce ya zauna, to, Kurmi ta cinye shi, ya watsar da iyaye da kabarinsu, kuma labarin zai riga shi isa gida. Ka yi shekara talatin ma, baƙo ne kai.

Bara ne shugabanmu na 'yan kura, Ɗan'azumi, ya tara mu ya ce an zo da sabon shiri. Wai birane uku ne suka haɗa kai, Ikko da wani birni na Arewa da wani na ƙetaren teku da bakina ba ya iya faɗar sunansa. Suna koyon aikin shara da na magudanar ruwa daga juna. Ya ce wannan karon ba korarmu za a yi ba, shigar da mu za a yi. Za a rubuta wa kowace kura lamba, a ba mai ita kati da riga mai ƙyalli da safar hannu, a yi mana rumfar ware kaya. Amma bayan an gama, duk kurar da aka gani ba lamba za a ɗauke ta. Ni na ga shiri iri-iri a garin nan, kowanne da ɗaukar kura yake ƙarewa. Na tafi rajistar ne kawai don kada a ce ban je ba.

A filin wata makarantar firamare aka yi, ƙarƙashin rumfa. Mutum uku ne a teburin. Akwai wata Baturiya tana fifita da takarda, ta yi jawur. Akwai Binta, mai cika fom, Bahaushiya haifaffiyar Agege, uwar 'ya'ya ce, Hausarta a cakuɗe da Yarabanci da Turanci. Sai wani Alhaji Bala, ma'aikaci daga birnin nan na Arewa, wai ya zo ganin yadda ake yi don su ma su yi a can.

Ina yin sallama Alhajin ya ɗago. Ya ce wannan harshe na ƙasar Gumel ne. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ashe mahaifiyarsa 'yar ƙauyen da ke bayan namu ce. Ya san kasuwarmu, ya san rijiyar gindin kuka, har ya san kawuna mai gyaran keke. Wallahi ji na yi kamar an buɗe mini taga. Ya tambaye ni ya amfanin gona bana, an samu gero? Na ce Alhamdulillahi, an samu. Ni da rabona da ganin gero a tsaye tun Inna tana da rai.

Sai Binta ta ce, "Oya, Baba, a ina kake zaune?"

Alhaji yana kallona yana murmushi. A bayana cikin layi akwai Haruna, ɗan ƙauyenmu, ɗakinmu ɗaya, bakinsa ba ya riƙe magana. Na faɗi sunan ƙauyenmu.

Ta ce, "A'a, ina nufin yanzu. Nan Agege kake, ko kana zuwa kana komawa?"

Na ce, "Ci-rani na zo. Da ruwa ya sauka zan koma."

Ta ajiye biro ta dube ni. Ta san ni, ni nake kwashe sharar layin uwarta tun tana budurwa. Ta ce Baba ka tabbata? Na ce na tabbata. Alhaji ya ce madalla, haka ake so, mutum kada ya manta gida. Ta girgiza kai ta yi alama a takarda, na dangwala yatsa na tashi ina jin daɗin kaina.

Bayan 'yan makonni aka kira mu karɓar kati. Aka yi ta kiran suna, ba nawa. Da aka gama sai aka kira wasunmu daban, aka ba mu wata farar takarda. Binta ta yi mana bayani. Ta ce jeri biyu aka yi. Mazauna gari su ne masu kati da lamba. 'Yan ci-rani kuwa ba a so a bar su a baya, shi ya sa aka yi musu takarda ta rani, tana aiki har zuwa saukar damina, tunda da damina suna gida. Kuma an ba birnin Arewa sunayenmu, in mun koma su sa mu cikin nasu shirin idan sun fara. Ta ce an daɗe ana tattauna wannan tsakanin biranen, don a kyautata mana.

Na ninke takardar na sa a aljihu. Ba wanda ya cuce ni. Shekara goma sha tara ina faɗar magana ɗaya ba wanda ya taɓa ɗaukarta da gaske, sai waɗannan mutane.

Ruwan Ikko ba ya jiran na gida, da wuri yake zuwa. Da aka yi na farko na ce ai wannan ba damina ba ce. Aka yi na biyu, aka yi na uku, aka sanar cewa farar takarda ta daina aiki. Na ci gaba da fita ina bin lungu. Wata safiya a bakin titi na ga an tsayar da wani Bazazzagi, an ɗora kurarsa a bayan mota da sharar da komai, yana bin motar da gudu da takardarsa a hannu. Na juya a hankali, na kai tawa bayan ɗakin Iya Risi na ɗaure, na lulluɓe ta da tsofaffin buhuna.

Kwana tara ban fita ba. Ina zaune a kan dutse kusa da kura kamar mai jinya. Iya Risi takan turo mini shinkafa da wake, ta tsaya a kaina da Hausarta ta kasuwa tana cewa ai ruwa ya sauka, me nake jira, gona tana kuka. Wata rana ta ce in ina so ta raka ni tasha ta ɗaukar mini jaka. Ni dai na ci abincinta.

A rana ta shida na kira Audu. Na ce ina tunanin in taho bana. Ya yi murna, ya ce Allah Ya kawo ni lafiya. Sai ya ce ɗakina dai na san ɗansa ya yi aure an sa amarya a ciki, na Inna kuma ya rushe tun damina waccan, amma in zo mana, sai a ga inda za a sa ni. Na tambaye shi gona, ya ce ai ta yi musu kaɗan su ma. Muka yi sallama da daɗi. Inda za a sa ni. Haka ake cewa game da baƙo.

Na je na sami Binta a rumfar ware kaya. Ba ta ce ai na gaya maka ba, Allah Ya saka mata. Ta ce ana iya gyarawa, amma ba a ɓoye ba, don wasu sun so su yi wayo su shigo da 'yan'uwansu. Sai a taron wata, gaban 'yan kura da mutanen unguwa, da shaidu biyu, kuma mutum ya faɗa da bakinsa. Na je wurin Ɗan'azumi. Ya ce shi zai tsaya mini, amma bakinsa ba zai zama nawa ba. Na ce ba za a iya rubutawa kawai in dangwala ba? Ya ce, "Sale, da baki ka ɓata."

Ranar taron filin makarantar ya cika. Mutanen ɗakinmu duk suna nan. Kuma kamar da gangan, Alhaji Bala ya sake zuwa daga Arewa, yana zaune a gaba da littafinsa. Da na gan shi na so in juya. Sai na hango Iya Risi tana shigowa, ta ci ɗaurin kai kamar mai zuwa biki, ta rufe tukunya da rana tsaka saboda ni. Ban taɓa ganin ta rufe tukunya ba, ko ranar da mijinta ya kwanta asibiti.

Ɗan'azumi ya yi shaidarsa a taƙaice. Iya Risi kuwa ta tashi ta yi ta zuba Yarabanci tana nuna ni da yatsa, Binta tana fassarawa tana danne dariya. Ta ce lokacin da wannan mutum ya zo da abin warinsa 'yarta Risi tana goye a bayanta, yanzu Risi ta fi ta tsawo. Ta ce ƙarfen tagarta sarƙarsa ta ci rabinsa, wanda bai yarda ba ya zo ya gani, kuma in an ba shi kati ya saya mata sabo. Ta ce kowace shekara yana gaya mata zai tafi da damina, ita kuwa ba ta san irin daminar garinsu da ba ta taɓa sauka ba. Fili ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba.

Binta ta ce, "Baba Sale, saura kai. A ina kake zaune?"

Na miƙe. Kafin in buɗe baki Haruna ya ɗaga murya daga baya.

"Sale, ka yi a hankali. In mun je gida me za mu ce musu?"

Na juya na dube shi. Shekararsa goma sha huɗu a ɗakin nan, tabarmarsa tana jikin tawa.

Na ce, "In ka je ka ce musu abin da ka ga dama. In ka je."

Sannan na juyo wajen tebur. Ban kalli Alhaji ba, biron Binta na kalla.

Na ce, "Nan nake zaune. Agege, bakin layin dogo. Ba ni da gona, ba ni da ɗaki a gida. Shekara goma sha tara ina Ikko."

Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi dariya. Binta ta rubuta. Na zauna, jikina ya mutu kamar na turo kura daga Abule Egba cikin ruwa. Mutum biyu suka tashi bayana suka faɗi irin abin da na faɗa. Haruna bai tashi ba.

Da aka watse Alhaji Bala ya same ni a bakin ƙofa. Na sunkuyar da kai, na ce ya yafe mini maganar gero. Ya ce shi ne ya jawo, da ma bai kawo zancen gida ba a ranar. Ya ce shi kansa rabonsa da kwana a ƙauyensu ya fi shekara ashirin, amma ko wane fom aka ba shi sunan ƙauyen yake rubutawa. Ya nuna mini littafinsa, ko da yake ba na karanta irin rubutunsu. Ya ce ya rubuta cewa in za su yi nasu a can, kada a tambayi mutum inda yake zaune, a tambaye shi damina nawa ya yi a garin, kuma zai gaya wa sauran biranen su gyara. Na ce Allah Ya sa su ji. Ban sani ba ko sun ji.

Bayan mako biyu aka rubuta wa kurata lamba da jan fenti, aka ba ni kati da riga da safar hannu. Safar ta yage a wata na farko. Kura tana nan tana ja hagu, danfo bai daina matse ni ba, bayana bai daina ciwo ba. Bambancin kawai in na ga motar hukuma ba na shiga lungu. Haruna ya ci gaba da fita a ɓoye har aka ɗauke tasa, yanzu yana dako a Mile 12 da furfurarsa. Muna kwana tabarma jikin tabarma, muna gaisawa, ba mu taɓa komawa kan maganar ba.

Rigar mai ƙyalli ce ta zame mini matsala, don in na dawo a jiƙe take, ba ta shiga jaka. Na samo wata ƙusa cikin ƙarafan da na ware, na miƙe ta da dutse, na kafa a bangon ɗakinmu saitin kaina. Ina bugawa mutanen ɗaki suna kallona.

Ina gamawa waya ta yi ƙara. Audu ne. Ya ce sun ji shiru, an gama shuka ban zo ba, yaushe za su gan ni?

Na ce, "Bayan kaka, in Allah Ya yarda."

Ya ce Allah Ya kai mu. Na ce amin, na kashe wayar, na rataye rigar.